An ba ni kwantiragin saka mata a kwamitin sulhun manoma da makiyaya, in karɓa ko in bari?

Maman Sadiya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe a aikin ƙungiyoyi. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ɓangaren Kirikasamma, ƙasar Haɗeja. A nan aka haife ni, a nan nake aure, ina koyarwa a Islamiyyar matan aure. A baya na yi wa ƙungiyoyi aikin tattara bayanai, irin wanda ake bi gida-gida da waya ana cike fom, to ta nan wata ƙungiya ta samu lambata. Wannan karon abin da suka kira ni a kai ya fi wancan nauyi. Kwantiragi ne na wata 3 a matsayin mai ba da shawara. In zagaya ƙauyuka da rugagen yankinmu, in zauna da maza da mata, in rubuta rahoto a kan yadda za a sa mata cikin harkar hana rikicin manoma da makiyaya. Sannan in taimaka a gyara kwamitocin sulhun da ke ƙarƙashin dagatai, har mata su kai kashi 35 cikin 100 na 'yan kwamiti. Kason ƙarshe na kuɗina a kan wannan 35 ɗin aka rataya shi. In ba su cika ba, ba biya.

A nan gizo ke saƙar. Kwamitin garinmu a zauren dagaci yake zama: shi da masu unguwanni da liman da sarkin noma da ardo da shugaban 'yan sintiri. In sunaye ake so, gobe kafin azahar zan kawo su. Akwai shugabar mata ta jam'iyya, akwai 'yan'uwan matar kansila, akwai waɗanda ba a kiran bita su rasa. Za su sa hijabi mai kyau su zo, a shimfiɗa musu tabarma a gefe, a ɗauki hoto, su dangwala hannu a takarda, a ba su kuɗin mota. Amma wallahi babu wadda za ta buɗe baki. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, ita ce za ta ce wa wan mijinta "ba haka aka yi ba" a gaban liman?

Da aikin banza ne gaba ɗayansa, da tuni na ce a kai kasuwa. Abin da ya riƙe ni shi ne na san abin da mata suka sani. A garinmu kafin labarin tashin hankali ya isa zaure, ya kwana biyu a tsakar gida. Matan Fulani masu tallan nono suna shiga har ɗakunanmu, wata ma a wurinki take ajiye ƙwaryarta ko kuɗin adashinta. Ranar da kika ga ta zo tana karɓar bashinta tun lokaci bai yi ba, ko ta ce ki ba ta ajiyarta, ko layi ya yi shiru ba a ji mai nono ba, kowace mace ta san akwai magana. Haka mu ma, mun san ɗan wa ya dawo gida yana huci, wa ya ciro tsohon kwari da baka daga rumbu, wa ya tura yaransa ƙauyen kakanninsu ba biki ba suna. Wannan labarin duk yana nan, amma ba shi da hanyar zuwa wurin dagaci sai ta bakin miji. Shi kuma sau da yawa sai ya ce zancen mata ne, ya juya ya yi barcinsa.

Na biyun ya fi ci mini rai, shi ne biyan ɓarna. Gero ana gama girbe shi da wuri, a kai rumbu. Abin da ke saura a gona lokacin da shanu suka fara gangarowa fadama shi ne zoɓo da wake, kuma a wajenmu gayaunar mata da yawa su ne a ciki. Gonar matar da mijinta ya rasu kuwa, galibi a ƙarshen gari take, bakin burtali, don nan ne ake samun aro ko haya mai sauƙi. Idan shanu suka shiga, maigida ake kira a je a duba. In an biya, aljihunsa kuɗin ke shiga. Wani lokacin ma a gaban jama'a zai ce "na yafe", a yi ta yaba masa dattako, alhali abin da ya yafe ba nasa ba ne, da shi take shirin sayen kayan ɗakin 'yarta. Wadda ba ta da miji kuma ba ta da mai tsaya mata, sai ɗanta saurayi ya ɗauki gora ya bi sawun shanu da kansa. Faɗan da na gani da idona a garinmu daga irin wannan ya taso, ba daga gonar wani babban manomi ba.

To ni tambayata, in karɓa in cike musu sunaye, in rubuta gaskiyar a cikin rahoto ko ba mai karantawa? Ko in faɗa musu tun yanzu cewa wannan ma'aunin ba zai haifar da komai ba, su ba wani aikin? Ba zan ɓoye muku ba, ina bukatar kuɗin. Kuma sun ce zirga-zirga ni zan riƙa biya, su mayar mini daga baya in na kawo rasit. Haka ake yi dama?

Hajiyar Gwale ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki karɓa, amma kar ki sa hannu a takardar yadda take.

Ki fara sanin inda 35 ɗin ya fito, don ki san da wa kike magana. Ba yaron ofishin da ya turo miki takarda ne ya ƙirƙire shi ba. Yana cikin manufar ƙasa ta 2006 a kan daidaito tsakanin maza da mata, wadda ta nemi a ba mata kashi 35 na muƙamai. Shi kuma aikin kansa jikan ƙuduri mai lamba 1325 ne, wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 31 ga Oktoba, 2000. Najeriya ta fitar da tsarinta na aiwatar da shi a 2013 ta hannun ma'aikatar mata ta tarayya, ta sake fitar da na biyu na 2017 zuwa 2020. Mu a Kano mun ga irin wannan aikin sosai zamanin NSRP, shirin zaman lafiya da sulhu da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2017, don Kano na cikin jihohi 8 da ya yi aiki. Jigawa ba ta ciki. Masu ba da kuɗi suna son abin da za a ƙirga, kujera kuwa ita ce mafi sauƙin ƙirgawa. Shi ke nan sirrin.

Amma ƙudurin ba kujera kaɗai ya ambata ba. Akwai hana rikici tun bai tashi ba, akwai kare mata, akwai kula da bukatunsu wajen agaji da farfaɗowa. Duk abin da kika rubuta a sama game da mai nono da gayauna yana zaune daram a ciki. Don haka ba faɗa za ki yi da su ba, da takardarsu za ki yi musu magana. A irin wannan kwantiragi akwai ɗan rahoton da ake nema a makon farko ko na biyu, inda za ki bayyana yadda kika fahimci aikin da yadda za ki yi shi. Nan ne wurin ciniki. In ya wuce aka amince da shi, bakin alƙalami ya bushe. Ki rubuta musu wasu abubuwan da su ma ana iya ƙirgawa: ƙorafin mata nawa ya isa gaban kwamiti, mata nawa aka damƙa wa kuɗin ɓarna a hannunsu, kwana nawa ake ɗauka tsakanin mata su yi gargaɗi da dagaci ya motsa. Kar ki ce a goge 35, ba za su iya ba ko suna so. Ki ce ya zama ɗaya daga cikin ma'aunai.

Abin da ba za ki yarda da shi ba ko kusa shi ne a ɗaure kuɗinki a jikinsa. Ke mai ba da shawara ce, ba ke kike naɗa 'yan kwamiti ba, ikon dagaci ne da hakimi. Ba a rataya hakkin mutum a kan abin da ba ya hannunsa. A biya ki a kan rahoto da zaman da kika gudanar da shawarwarin da kika miƙa.

Maganar zirga-zirga, a'a, ba haka ya kamata ba, ko da yake da yawa suna yi wa sababbi haka. Ladan aikinki daban, kuɗin gudanar da aiki daban, kuma na biyun ana ba da wani abu a gaba. Ki tambaye su a rubuce: ɗan acaɓa da mai kwale-kwale a ina za su samo rasit? Su ba ki fom ɗin da mutum zai sa hannu ko ya dangwala, a yarda da shi tun yanzu. Na ga waɗanda suka ci bashi suka yi aiki, aka zo lissafi aka ce takardunsu ba su inganta ba. Za kuma a cire miki haraji kashi 5 cikin 100 tun kafin kuɗin ya shigo, don haka ki tanadi lambar harajinki, ki nemi shaidar cewa an kai kuɗin inda ya dace. Ki tambaya kuma, adadin da aka rubuta miki kafin cire haraji ne ko bayansa.

Abu biyu da ba na kuɗi ba. Kar sunan kowa ya shiga rahotonki, ko siffar da za a gane mutum da ita. A ƙauye "wata bazawara mai gona bakin burtali" suna ne cikakke. Sannan in kika zauna da mata su kaɗai aka saki jiki, za ki ji abin da ba ki tambaya ba, har da fyaɗe a hanyar daji da dukan cikin gida. Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a a 2021, wadda tarayya ta yi tun 2015. Ki karanta ta, ki san asibiti da ofishin da za ki nuna wa mace kafin ki fara zama na farko. Kar ki buɗe wa mutum ciwo ki naɗe tabarmarki ki tafi.

Kuma ki fara da gidan hakimi, da takarda a hannu. In kin gaishe shi ki nemi izinin shiga ciki ki gaida iyali. Rabin aikinki a wannan shigar yake.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

'Yata, na karanta. Ni na yi aikin gona a ƙasar Haɗeja har na yi ritaya, kuma na sha tsayawa a gona ana kiyasin ɓarna, rana na dukan kowa. Bari in faɗa miki abin da masu takarda ba sa son ji. Wannan rikici na ƙasa ne da ruwa. Ko mata ɗari kika zuba a kwamiti, burtalin da aka nome ba zai buɗe kansa ba.

Da can bayan girbi manomi ne ke roƙon Bafulatani ya kwana da shanunsa a gonarsa saboda taki, har ya ba shi dami. Yau kara da harawa kuɗi ne, ana ɗaurewa a kai kasuwa. Da can fadama da rani ta shanu ce. Tun da aka shigo da injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ta shirin Fadama a farkon shekarun 1990, shinkafa da alkama da kayan lambu suka cinye ta, shekara ba hutu. Ga madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya tafiyar kogin Haɗeja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, inda ake so ruwa ya je bai je ba, inda ba a so ya kwanta. Ambaliyar 2022 kowa ya ga abin da ta yi. Wanda ruwa ya ci gonarsa ina zai nufa? Tudu, inda makiyaya take. Dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi ta, yarjejeniyar ECOWAS ta zirga-zirgar makiyaya tun 1998 take, jiha ma tana da hukumar manoma da makiyaya. Ba dokoki muka rasa ba.

Batun shigar mata zaure kuwa, in kika matsa za a yi miki biyayya, mutanenmu ba sa musu da baƙon da ya zo da takardar gwamnati ko ta ƙungiya. Sai dai kwamiti zai koma biyu. Na rana wanda ake ɗaukar hoto, da na bayan isha'i wanda ake yanke magana. Kin ga an ƙara nisanta matan ke nan, don da ko ta bayan katanga suna jin abin da ake cewa.

Inda na ba ki gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne maganar gayauna. Wannan ba ya bukatar taro a otal. Dukiyar mace tata ce a shari'a, ba mai ja. Takardar da ake cikewa wajen kiyasi, a ƙara layi ɗaya: amfanin gonar na wane ne? In na mace ne, ita za a tambaya ko ta yafe, ko ta wakilta wanda ta ga dama, kuma a hannunta za a sa kuɗin. In hakimi ya faɗi haka sau ɗaya a gaban dagatansa, liman ya maimaita a huɗuba, ya zauna. Ki sa ƙarfinki a nan.

Tambaya ɗaya: wata ukun naki yaushe za su fara? Don na san halin masu wannan aiki, da rani suke zuwa lokacin da hanya ta yi kyau, su tarar kowa lafiya lau, su rubuta an samu zaman lafiya. Faɗa da kaka ake yinsa.

Abba Gumel ya amsa:

Anti don Allah in ana neman masu cike fom ki tuna da ƙaninki, ina da difloma kuma ina da babur.

'Yar Ruga ta amsa:

Adda Maman Sadiya, sannu da ƙoƙari. Ni a ruga na tashi a ɓangaren Guri, yanzu ina karatu a birni. Na ji daɗi da kika ambaci masu nono, don yawanci in an ce "mata" a irin wannan aiki matan cikin gari ake nufi, mu sai dai a gan mu a hoton bangon rahoto da ƙwarya a ka.

Amma akwai abin da ya tsorata ni a maganarki, kuma Hajiya ma ta ɗora a kai da ta ce a ƙirga gargaɗin da mata suka kai. Innata tana shiga gidajen Hausawa ne saboda kowa ya san nono kawai ta kawo. Ranar da aka ji cewa abin da mai nono ta yi ko ta faɗa yana isa kunnen dagaci, ta zama 'yar leƙen asiri. A gari za a daina sakin baki a gabanta, a ruga kuma mazanmu za su hana ta zuwa, in ma abin ya tsaya a nan. Wannan ƙawancen da kike son ginawa a kai, shi za ki fara rusawa. Ki bar shi yadda yake, kar ki sa shi a tsari, kar ki ba shi suna, kar ki raba wa kowa waya.

Baba Malamin Gona, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne maganar ƙasa ce. Amma in an tashi hukunci a kanmu yake fara sauka. Saniya ta namiji ce a idon mutane, nonon kuwa na mace ne, da shi take sayen hatsi da gishiri da sabulu da maganin yara. In aka kama shanu aka tsare, ko aka sayar da mai tatsa don a biya tara, tukunyarta ce ta mutu. In gari ya yi fushi, abu na farko da ake cewa shi ne kar wanda ya sake sayen nono. Kuma ita ce mai tafiya ita kaɗai a hanyar da samari masu jin haushi suke. Sau da yawa ma ɓarnar ba ta mutanenmu ba ce, baƙi ne masu wucewa suka yi da dare suka ƙara gaba, mu da muka shekara aru-aru a wurin aka wayi gari da mu. Ardo yana zuwa zaure ya yi maganar shanu. Ban taɓa jin an tambaye shi yaya mata suka ci abinci a makon da aka hana su shiga kasuwa ba.

Kuma Adda, kar ki rubuta cewa mata duk masu son sulhu ne, don masu ba da kuɗi suna son jin haka. Ni na ji da kunnena tsohuwa tana yi wa jikanta gori cewa an taɓa shanun ubansa yana zaune kamar mace. Na tabbata a cikin gari ma akwai irinta, mai habaici a bakin turmi har sai ɗanta ya fita. Wadda ta iya zuga ita ce ta iya hanawa, in kin same ta.

In za ki zo ruga kar ki kira mu gidan dagaci, ba za a zo ba, wadda ta zo ma ba za ta yi magana ba. Ki zo da kanki, da yamma bayan an dawo daga talla, ki fara gaida ardo. Ki zo da mace mai jin Fulatanci. Muna jin Hausar ciniki, amma ba da ita ake faɗin abin da ke ciwo ba. Kuma kar tafintar ta zama 'yar gidan ardo.

Malam Na Ringim ya amsa:

Malama, Allah ya yi jagora. In wani ya ce miki sauraron shawarar mace a sha'anin sulhu baƙon abu ne, ki tuna masa Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Bayan an ƙulla yarjejeniya Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, baƙin ciki ya hana kowa tashi. Ummu Salama ce ta ce ya fita kar ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya kira mai aski. Da ya yi haka kowa ya miƙe.

Ta fuskar tsari kuma ba sai kin je nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya isa matan ƙauye ba ta ce matan aure su fito ba. Dattijai mata ta naɗa jaji, wato jagororin karatu, ta ɗora musu malfa, su ke zuwa wurinta da 'yan mata su koma su karantar. A kowane gari akwai tsohuwar da ta wuce jin kunyar kowa, wadda dagaci kansa in ta shigo sai ya gyara zama. Wata gwaggonsa ce, wata ungozomar da ta yanke masa cibiya. Irinsu za ki nema.

Maman Sadiya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗan yi shiru ne don sai da na rubuta musu na jira amsa.

Hajiya, na bi yadda kika ce. Sun yarda a cire 35 daga sharaɗin biyana, amma yana nan a matsayin burin aikin, sun ce daga sama yake. Za su ba da rabin kuɗin zirga-zirga a gaba, kuma sun karɓi fom maimakon rasit. Kuɗin tafinta ne muke ja har yanzu, wai ba ya cikin kasafi, ni kuma na ce in babu ita to a cire rugage daga takardar, kar a ce na je alhali gaisuwa kawai na yi.

Baba, ka canka daidai, so suka yi a fara bayan an gama sanyi. Na nemi a matso da shi ya kama lokacin cirar zoɓo. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Maganar layi ɗaya a takardar kiyasi kuwa na sa ta a sahun farko. Sai dai ban yarda da kai gaba ɗaya ba a kan zaure. Ko kwamitin dare ne, in gwaggon dagaci ta aiko a ce tana sallama, ba wanda zai ce ta koma. Abin da na ba su shawara shi ne mata su yi zamansu daban a cikin gida, na gari daban na ruga daban, kowane zama ya zaɓi dattijai biyu da za su riƙa kai magana zaure, kuma su ne za a rubuta a matsayin 'yan kwamiti. Ba za su kai 35 ba a yawancin garuruwa, na faɗa musu haka a rubuce.

Ƙanwata 'Yar Ruga, maganarki ta sa na goge shafi guda. Babu batun masu nono a tsarin da na miƙa, kuma ma'aunin gargaɗi na mayar da shi a kan abin da dattijan suka kai da bakinsu kawai. Na ƙara da neman kwamiti ya yarda cewa hana sayen nono ba ya cikin hukunci, ko me ya faru. Ban san yadda sarkin noma zai karɓe ta ba, mutum ne mai zafi. In kin san wata mai jin Fulatanci a ɓangarenku wadda mijinta zai bar ta ta yi yawo da ni, ki turo mini saƙo ta ciki mu yi magana. Hajiya, ke ma in kina da samfurin yadda ake rubuta kasafin tafinta ki taimaka mini da shi kafin Litinin.

Abba, aikin na shiga ɗakunan mata ne, amma babur ɗin naka zai yi amfani in hanyar Guri ta bushe.